Zane Biyu a Wuyan Keke

Shekara goma sha tara ina bin Yaya a baya zuwa wurin aiki, kuma da ka tambaye ni a lokacin, da na rantse maka na fi shi iya tuƙa keke. Ba ma sai ka tambaya ba, ni da kaina zan tare ka in faɗa maka. Bakina ba shi da birki, wannan kowa ya sani a kamfaninmu.

Kamfanin roba ne, bokiti da baho da kujeru muke yi. Ni ina kan injin da ke fitar da marfin bokiti, Yaya kuma yana sito. Daga unguwarmu zuwa can kilomita goma sha bakwai ne. Da ka wuce gadar jirgin ƙasa gidaje sun ƙare, sai fili fetal hagu da dama, titi miƙe samɓal, babu ko bishiyar kirki. Iskar filin nan da safe ba ta da mutunci ko kaɗan, kullum ta gaba take zuwa kamar aiko ta aka yi. Motar haya ba ta fara bin hanyar sai bakwai da rabi, ƙofar kamfani kuwa ƙarfe bakwai cif ake rufe ta. Shi ya sa muka riƙe keke.

Yaya ne kullum a gaba. Ba mu taɓa zama mun shirya haka ba. Ranar da na fara aiki ya ce mini, "Auta, biyo ni, kar ka bar tazara," shi ke nan magana ta ƙare. Tayata ta gaba ba ta wuce taku ɗaya daga tayarsa ta baya. In akwai rami sai ya nuna mini da yatsa. In na yi sakaci na ja baya, ban san yadda yake ganewa ba, sai ya saki hannun hagu ya bubbuga ƙugunsa sau biyu, wato in matso. Iyakar hirarmu a hanya ke nan, don ko ka yi magana iska ce za ta kwashe.

Zamansa a kan keke kuwa abin dariya ne. Kan keken a ɗage can sama, shi kuma a miƙe ƙyam, ƙirji a buɗe, gwiwar hannu a waje, sai ka ce wanda ya ɗauko ƙofa zai kai wa kafinta. Tsayinmu ɗaya, amma a faɗi za a yi biyuna a jikinsa. Kullum ya isa kamfani rigarsa sharkaf da gumi yana haki, ni kuwa in sauko fes, ko goshina bai jiƙe ba. Ni ɗin da aka haifa da asma, wanda Inna ta sha raino da ruwan zafi da tawul! Har cewa nake keke ne ya warkar da ni.

"Haba Yaya, ka ɗan sunkuya mana," nakan ce masa a rumfar ajiye kekuna, a gaban mutane, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Me iska ta yi maka kake tare ta da ƙirji? Dubi yadda kake haki, ni ƙaninka ko a jikina."

Sai ya goge wuya da hankici ya ce, "Haka na saba."

Ni na laƙa masa sunan Ƙyaure, Allah ya yafe mini. Sunan ya bi shi har sito, har masu kawo kaya daga waje suna cewa a kira musu Ƙyaure ya sa hannu. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, wannan kuma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Wata uku da suka wuce ya faɗi a sito yana ƙirga baho. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Ɓangaren dama ya tafi, magana ma ta tafi. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa, ta zo ta yi sati biyu ta koma wajen yaranta. Matar Yaya ta nemi aiki a gidan burodi, tana fita tun kafin asuba, ta dawo shida da minti goma na safe. Ba a barin Yaya shi kaɗai, don ko yawu ya sarƙe shi babu mai ɗaga shi. Ni kuwa ba ni da kowa a ɗakina, matata ta daɗe da tafiya, kuma ba sai na ɓoye ba, bakin nan nawa ne ya kore ta. To ni nake zama da shi daga lokacin da matarsa ta fita har ta shigo, sannan in hau keke. Minti hamsin ke nan tsakanina da ƙofar kamfani, in ta dawo a kan lokaci.

Zaman nan na safe shi ya fi komai yi mini wuya. Ɗakin ƙarami ne: gado, kujerar roba irin wadda muke yi, faranti mai magunguna a kan taga, agogon bango mai ƙara. Yaya a kwance rigingine, ni a kujera, muna kallon juna. A nan na gane ashe ban san fuskar yayana ba. Bayansa na sani. Na san facin da ke kafaɗar rigarsa ta hagu, na san inda gumi yake fara tsattsafowa a tsakiyar bayan, na san ninki biyun da ke ƙeyarsa. Amma fuskar nan mai baki a karkace da idanu masu bina duk inda na juya, wallahi kamar ta baƙo. Ni da ake cewa ko gawa zan iya ja da hira, sai in ce, "Yaya, an tashi lafiya?" in gyara masa bargo, in ba shi ruwa a cokali, shi ke nan na ƙare. Sauran lokacin agogo ne ke magana. Kaɗaici na sha shi a ɗakina shekara da shekaru, amma ban san akwai irin wanda ake yi mutum biyu ba sai a ɗakin nan.

A kamfani an yi mini uzuri wata biyu. Daga nan shugaban sashenmu, wanda muke kira Agogo don ba ya gaisawa da kai sai ya dubi tsintsiyar hannunsa, ya kira ni ofis.

"Mun tausaya, kuma muna tausayawa," in ji shi. "Amma inji ba ya jiran kowa. Daga farkon watan nan, latti uku, takardar sallama. Ba ni na kafa dokar ba."

Na so in gaya masa maganar da za ta hana shi cin abincin rana, amma na haɗiye. Aikin nan yanzu shi ke riƙe da ɗakuna biyu, nawa da na Yaya, har da maganinsa. Abin da matarsa ke samowa a gidan burodi ko cefane bai isa ba. In aka kore ni, mu uku aka kora.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne hanyar. Ni da Yaya minti arba'in da takwas muke yi, har da 'yar waƙata a bayansa. Yanzu ni kaɗai, ran da iska ta yi sauƙi in shiga da ƙyar ana jan ƙofa, zuciyata kamar za ta faso ƙirji. Ran da ta tashi da ƙarfi kuwa, ranar Talatar farko ta watan, bakwai da minti shida na isa. Maigadi ya buɗe mini ƙaramar ƙofa yana kau da kai, Agogo ya ɗaga mini yatsa ɗaya daga nesa.

Na ɗora wa taya laifi, na ƙara mata iska. Na ɗora wa sarƙa, na wanke ta da kananzir na zuba mai. Na ɗora wa tsufa, na ɗora wa rashin barci. Kowa da komai ya samu rabonsa na zagi. Sai ranar Asabar a wurin cin abinci na kamfani na ga ana nuna masu tseren keke a talabijin, kawunansu a ƙasa, bayansu a shimfiɗe kamar tebur, suna wucewa fuu. Na buga cinya na ce, "Ai ga shi nan! Shekara nawa ina faɗa wa Yaya?" Kowa dai yana ta kansa.

Ranar Lahadi da yamma na ɗauki sifana na kwance kan kekena, na kife shi, hannuwan suka koma ƙasa, na danna wuyan har ƙarshe, na ɗaure tamau. Na ja baya na dube shi, na ce to iska, gobe ni da ke.

Da farko kam abin ya yi daɗi. Daga gida zuwa gada ina jin iska tana bi ta saman bayana tana wucewa, har ina murmushi. Da na shiga fili sai labari ya sha bamban. Gwiwoyina suka riƙa dukan cikina, duk tako ɗaya sai na ji kamar an matse ni. In ja numfashi, ya tsaya rabin hanya. Ƙafafuna suna juyawa amma babu ƙarfi a cikinsu. Can sai na ji wani sauti da na manta da shi tun ina saurayi, fito siriri daga cikin ƙirjina. Wuyana ya ƙage saboda ɗaga kai, na gaji na sauke shi ina kallon taya, kuma babu mai nuna mini rami da yatsa. Ban ankara ba na ji gwaram! Na tashi da gwiwar hannu a kurje, tayar gaba ta lanƙwashe tana gogar birki. Bakwai da kwata na isa, rabi tuƙi rabi turi. Agogo ya ɗaga yatsu biyu.

Da aka tashi na tura keken zuwa rumfar Mai Faci da ke gindin gada. Dattijo ne, tun kafin in fara aiki yake gyara wa Yaya keke, kuma shi kaɗai ne a duniya bakinsa ya fi nawa kaifi. Yana ganin kan keken a kife ya ajiye famfon da ke hannunsa ya fara dariya har da tari.

"Wa ya yi wa bawan Allah wannan aika-aika?"

"Baba, gyaran taya na kawo, ba shawara na zo nema ba."

"Shawarar kyauta ce, tayar ce ta kuɗi. Zauna." Ya juya tayar yana kallon yadda take rawa. "Iska kake gudu, ko?"

"Ita mana. In ka sunkuya ka rage mata wurin duka. Wannan ko yaro ya sani."

"Gaskiya ne, rabin gaskiya. Iska tana cin ƙarfi, kuma in ka ƙara gudu kaɗan ita ninkawa take yi. Amma keke ba shi da inji, kai ne injin. Ƙirjinka da cinyarka. Ka naɗe injin kamar tabarma, da me za ka tuƙa? Waɗanda ka gani a talabijin shekaru suka yi suna koya wa jikinsu, kuma kekensu don haka aka ƙera shi. Kai ka rage wa iska kashi ɗaya, ka rage wa kanka kashi uku. Wa aka cuta?"

Raina ya ɓaci, don na san ya faɗi daidai. Na ce, "To me kake so in yi? In miƙe ƙyam kamar Ƙyaure, in riƙa isa ina haki?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa ɗif. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Kar ka ƙara kiransa haka a rumfata."

Ban taɓa jin muryarsa a haka ba.

"Tayar nan sai jibi," in ji shi. "Gobe da me za ka je aiki? Je ka ɗauko keken yayanka ka kawo mini yanzu, kafin rana ta faɗi."

Keken yana jingine a soron gidansu, matar Yaya ta lulluɓe shi da tsohon zani. Na gaya mata, ta ce in ɗauka, ai gara a hau shi da ya yi tsatsa. Na turo shi har gada, ban hau ba, don kan nan nasa mai tsawo kunya yake ba ni.

Mai Faci ya sa tsumma da ɗan mai ya goge wuyan keken, wato ƙarfen da ke riƙe da kan, wanda ake ɗagawa ko a sauke. Ya ce in matso. Zane biyu ne a jikin ƙarfen, an yi su da zarto. Ɗaya yana daidai bakin inda wuyan ya shiga, nan aka ɗaure shi yanzu. Ɗayan yana sama da shi da kamar yatsu huɗu, wato in za a kai gare shi sai an sauke kan ƙasa sosai.

"Ni na yi su duka biyun," in ji Mai Faci. Ya ɗora farce a kan na saman. "Wannan shi ne nasa. Kafin ka fara aiki, wata guda cur ya yi yana nemansa. Yau ya sauke kaɗan ya duba agogo, gobe ya ɗaga kaɗan ya duba. In ya yi ƙasa da yawa numfashi ya ƙi, in ya yi sama iska ta ci shi. Da ya samu inda suka daidaita ya ce in zana masa. A nan minti arba'in da biyu yake yi. Babu mai kama shi a filin nan, har masu babur ɗaga masa hannu suke yi."

"Yaya? Arba'in da biyu?"

"Shi fa." Ya sauke farcen zuwa ɗaya zanen. "Wannan kuma naka ne. Satinka na farko ya zo nan ya ce, Baba, ƙirjin Auta yana fito a fili, ina jinsa daga gaba. Ɗaga mini kan nan yadda zan tare masa iska gaba ɗaya. Na ce za ka sha wuya fa. Ya ce ni ina da ƙirjin. Muka yi ta ɗagawa har ya ce ya daina jin fiton. Duk ran da ba ka da lafiya ko kana hutu, a nan yake tsayawa ya sauke kan zuwa nasa, ya tafi kamar an harba shi. Da yamma ya tsaya ya mayar, don kar ka gani."

Na sa yatsa na shafa zanen.

"Wanda ke bayan mutum mai faɗi, in ya manne masa, kusan a cikin ɗaki yake tuƙi," in ji shi. "Kai kana tsammanin ƙarfinka ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

"To me ya hana shi faɗa mini? Me ya hana ka, kai?" Da tsawa na yi maganar, har mai shagon kusa ya leƙo.

"Ya ce in ka sani za ka ce sai ka shiga gaba, don ya san taurin kanka, kuma ƙirjinka ba zai ɗauka ba. Ya sa na yi alkawari. Yau ma don na ga za ka kashe kanka ne, kuma don sunan nan da ka kira."

Haushi ya kama ni, na Mai Faci, na Yaya, na iska, amma duk na ƙarya ne. Kunya ce ta gaske. Na tuna kowace safiya a rumfar kekuna, ni ina ɗaga murya mutane suna dariya, shi yana goge wuya. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Mai Faci bai lallashe ni ba, ba halinsa ba ne. Ya sassauta noti, ya buga kan keken da tafin hannu har ya sauka daidai zanen Yaya, ya ɗaure.

"Tsayinku ɗaya, zai yi maka. Hau in gani. A'a, ba haka ba, daga ƙugu ake karyawa, ba a ciki ba. Bar ƙirjin a buɗe. Mayar da gwiwar hannun nan ciki, ba kaza ba ce kai. Rigar nan ka cusa ta a wando, tana kaɗawa tana jan ka baya. Ido a titi. In iska ta turo da ƙarfi kar ka yi dambe da ita, ka riƙe takunka yadda yake, za ta gaji."

Washegari na shiga ɗakin Yaya kafin asuba da niyyar in yi magana. Duk daren na tsara ta. Na zauna a kujera, ya dube ni da idanun nan, sai komai ya gudu. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Na ari kekenka, nawa yana wajen gyara." Ya lumshe ido ya buɗe. Na ba shi ruwa a cokali. A waje ina jin kwanon rufi yana ƙara, alamar iskar yau ba ta wasa ba ce.

Shida da minti goma, matar Yaya ba ta zo ba. Sha biyu, shiru. Na tashi na zauna, na leƙa soro na dawo. Sha huɗu ta shigo da gudu, gari a hannuwanta har gwiwa.

"Yi haƙuri, ƙanena, tanda ce ta ba mu matsala, ban iya—"

"Ba komai," na ce, ina waje.

Minti arba'in da shida, da latti biyu a wuyana. Ban taɓa yin hanyar nan ni kaɗai a ƙasa da hamsin ba.

Har gada ban matsa wa kaina ba, kamar yadda Mai Faci ya ce. Yana buɗe rumfa na wuce, bai ɗaga kai ba, ni ma ban ɗaga hannu ba. Da na fito fili iska ta tare ni gaba da gaba. Na karya daga ƙugu, na mayar da gwiwar hannu ciki. Robar hannun keken ta lotsa daidai inda tafin Yaya ke zama, hannuna ya faɗa wurin kamar an auna. Na ja numfashi, ya tafi har ƙasa. Na sake ja, ya sake tafiya. Iskar tana nan, ba ta fasa ba, tana dukan goshina da kafaɗuna, amma ba ta samun ƙirjin gaba ɗaya, kuma ƙafafuna suna da abin takawa da shi.

Ban taɓa ganin filin nan sosai ba sai ranar. Shekara goma sha tara riga nake kallo. Ashe titin yana da tsawo haka, ashe babu kowa a kansa. Turakun lantarki suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace turowar iska a jikina take sauka, babu wanda ya rage mini ita. Wannan ne abin da yake sha kowace safiya, kuma a miƙe, ƙirji a buɗe, da gangan. A wajen kilomita na goma sha biyu iska ta yi wata irin turowa har keken ya yi kamar zai tsaya. Zuciyata ta ce in miƙe a kan feda in yi dambe, na ce a'a, na riƙe takuna. Cinyoyina suna ci kamar wuta, gumi yana shiga mini ido, wani abu kuma yana fita daga idon wanda ba gumi ba ne. Ban duba agogo ba, don in na duba zan karaya.

Na hango bututun kamfani, sannan katanga, sannan maigadi ya dafa ƙofa ya fara ja. Na danna ƙararrawar Yaya, mai ƙarar nan kamar ta mai sayar da ƙanƙara. Maigadi ya ɗago a firgice, ina jin ya ɗauka mai ita ne ya dawo. Ya tsaya da jan, na shige. Agogo yana tsaye a bakin sashe, ya dubi hannunsa, ya dube ni, ya juya ya shiga ciki. Saura minti ɗaya.

A rumfar kekuna na tsaya ina haki, rigata sharkaf. Sarƙar da muke ɗaure kekunanmu biyu da ita ta yi wa guda ɗaya yawa, sai da na naɗa ta sau biyu. Mutane suna wucewa da sauri, babu wanda ya san abin da ya faru, kuma mutum ɗaya ne a duniya zai gane in na ce arba'in da biyar. Daga ranar ban sake yin latti ba, amma a lokacin ban san haka ba, na dai shiga na kunna injina.

Da yamma kafin magariba na biya gidan. Matar Yaya ta ce ma'aikaciyar jinya ta zo, ta ce bayansa ya fara ja saboda kwanciya wuri ɗaya, dole a riƙa juya shi. Ita kaɗai ba ta iyawa. Muka kama shi tare, ita ƙafafu ni kafaɗu, muka juya shi a hankali ya fuskanci bango, hannunsa mai lafiya a sama. Ta tokare shi da matashi, ta ce bari ta ɗora ruwan zafi, ta fita.

Na koma kujera. Ga bayan Yaya a gabana. Ya rame, ƙasusuwan kafaɗa sun fito ta cikin singileti, amma shi ne. Ga ninki biyun nan a ƙeya. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Minti arba'in da biyar na yi yau, Yaya. Da iskar nan. Mai Faci ya ce kai arba'in da biyu kake yi, ni dai ban yarda ba sai na gani." Na yi 'yar dariya. "Ya nuna mini zanen. Duka biyun."

Bayansa ya ɗaga, ya sauka. Agogon bango yana ta ƙararsa.

"Aikin yana nan, ba za su kore ni ba, kar ka sa a ranka. Kuma sunan nan da na sa maka... Yaya, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ka yafe mini. Filin nan ba shi da daɗi in babu kai."

Na ɗauka ma barci ya ɗauke shi, na fara goge fuska da gefen riga kar matarsa ta shigo ta gan ni haka. Sai hannun hagun ya motsa. Ya zame daga kan bargo a hankali, ya koma baya, ya sami ƙugu. Ya bubbuga sau biyu.

Na ja kujerar na matsa.